Wayar Taka Ce, Amma Wa Ke da Ta Cewa a Kanta?

Abubuwa uku ne masu riƙe da wayoyin zamani ba sa gajiya da musu a kansu: kyamarar wace waya ta fi fitar da hoto, wane bakin caja ya fi, sannan wace manhaja ya kamata a bari a rumbun manhajoji, wacce kuma ya kamata a kora. Ana wannan musu a Landan da San Francisco, ana yin sa a Shenzhen inda ake ƙera wayoyin, ana kuma yin sa a rumfunan Farm Centre a Kano. A ido, babu abin da ya haɗa ukun. Amma in ka bi kowanne har tushe, tambaya guda za ka tarar: bayan ka ƙirga kuɗinka ka biya, ka sa waya a aljihu, wa ke yanke hukunci a kanta? Ra'ayin nan da masu waya ke zubawa dare da rana, yana motsa kamfanoni kuwa, ko iska ce kawai ke wahalar da mai kayan kara? Amsar ba ɗaya ba ce a wuraren uku, kuma bambancin shi ne abin dubawa.

Kyamara ce wurin da aka fi sauraron mai saye, don nan ne gasa ta fi zafi. Sai dai abin da kamfanoni ke saurara shi ne abin da hannun mutum ya zaɓa, ko da ya saɓa da abin da bakinsa ya faɗa. A 2018, Marques Brownlee, Ba'amurken nan mai sharhi kan na'urori a YouTube, ya ɗauki hotuna da wayoyi 16, ya ɓoye sunayensu, ya ce jama'a su zaɓi wanda ya fi. Wata waya mai arha ta kamfanin Xiaomi, Pocophone F1, wadda kuɗinta bai wuce kusan dala 300 ba, ta kayar da iPhone, ta kai zagayen ƙarshe, inda Huawei Mate 20 Pro ta doke ta. A 2022 ya sake irin wannan gwaji, sai Pixel 6a, ƙaramar wayar Google mai matsakaicin farashi, ta zo ta ɗaya, ta bar masu tsada a baya. Abin da ya fito fili shi ne, in aka rufe suna, yawancin mutane hoton da ya fi haske da ƙyalli suke zaɓa. Masu cewa sun fi son hoto ya fito "yadda abu yake" suna da yawa, amma in an zo zaɓe sai ka neme su ka rasa.

Akwai dalili. Hoton da aka ɗauka da waya, a fuskar waya ake kallon sa, kuma kafin ya isa idon mai kallo WhatsApp ko Facebook sun matse shi sun zubar da mafi yawan ƙananan bayanan da ke ciki. Bambancin da masana ke tsayawa su faɗaɗa hoto su nema, ba ya tsallake wannan matsi. Haske da launi ne ke tsira.

Wannan ne ya sa maganar megafiksel ta zama abin da ta zama. Mai saye yana son lamba da zai riƙe, kamfani kuma ya ba shi. Nokia ta fitar da 808 PureView mai megafiksel 41 tun 2012. Samsung ta kai 108 a 2020, ta kai 200 a 2023 da Galaxy S23 Ultra. Amma farantin da ke karɓar haske a cikin waya ɗan ƙarami ne, in ka yanka shi gida miliyan 200 kowane gida ba ya samun hasken kirki. Don haka wayar da kanta take haɗe gidaje 16 su zama ɗaya, ta ba ka hoto mai megafiksel kusan 12, sai in kai ka shiga ka canja da hannunka. Apple kuwa ta zauna a kan 12 tun daga iPhone 6s a 2015 har zuwa 2022, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya ce hotonta ya gaza saboda ƙarancin megafiksel. Duk da haka, je ka rumfar mai sayar da waya ka ji: tambayar farko bayan ta batir ita ce "kyamararta nawa ce?", kuma wasu masu arha har da'irori huɗu suke jerawa a baya, alhali ɗaya ko biyu ne ke aikin a zo a gani.

Aikin gaske ya koma cikin lissafin kwamfuta. Lokacin da ka danna, wayar ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana ɗaukar da yawa a jere cikin ƙiftawar ido, wasu da haske wasu da duhu, ta haɗa su, ta gane ina fuska take, ina sama take, ta gyara kowanne daban. Da wannan dabara Google ta fito da Night Sight a 2018, wanda ke fitar da hoto a duhun da idon mutum ma da ƙyar yake gani. Har nan ba a yi faɗa ba. Faɗan ya fara ne da aka tambayi inda gyara ya tsaya, ƙirƙira ta soma.

A watan Maris na 2023 wani mai amfani da Reddit ya yi wa Samsung tarko. Ya ɗauko hoton wata, ya dusashe shi har ramukan da ke jikinsa suka ɓace, ya sa shi a allon kwamfuta a ɗaki mai duhu, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa. Hoton ya fito da ramuka tsaf, waɗanda babu su a abin da ke gaban kyamarar. Samsung ta yi bayani cewa wayar tana gane wata, sai ta ƙara masa fitowa da taimakon ƙirƙirarriyar basira da aka horar da hotunan wata. Wasu suka ce wannan yaudara ce. Wasu suka ce, to, ai watan guda ne, fuskarsa ɗaya yake nuna wa duniya, me aka rasa? Ni ina ganin na farko sun fi gaskiya, don an tallata wa mutane ƙarfin hangen nesa na kyamara, ba a ce musu zane za a yi musu ba. Amma ba a ji cinikin Samsung ya faɗi saboda wannan ba, kuma a ƙarshen shekarar Google ta fito da Pixel 8 mai iya ɗauko fuskar da ta yi murmushi a wani hoto ta ɗora a wani.

Wurin da wannan batu ya fi shafar mu shi ne fata. Tun zamanin fim, Kodak tana auna launi da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, saboda haka baƙar fata takan fito ko dai a duhu ko da toka-toka. Kyamarar waya ta gaji wannan. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da Itel, ya lura da haka da wuri, ya tattara hotunan 'yan Afirka ya daidaita kyamarorinsa don fuska ta fito ko da daddare, kuma wannan na cikin abin da ya ba shi kasuwar nahiyar. Google ba ta fito da nata gyaran mai suna Real Tone ba sai 2021. Sai dai akwai gefen da ba a cika son faɗa ba. Wayoyi da yawa da ke hannunmu, kyamarar gabansu tana goge tabo, tana kuma ƙara wa fata haske fiye da yadda Allah ya yi ta, kuma masu saye da yawa wannan suke kira "tana fitar da mutum". Da iPhone XS ta riƙa sulɓe fuskoki a 2018, masu ita a Amurka da Turai suka yi ca, Apple ta gyara cikin 'yan makonni. A nan, wayar da ta nuna ka yadda kake tana iya yin kwantai. Kamfani ya ji ra'ayinmu sarai, shi ya sa.

A wajen bakin caja kuwa, ƙorafi ya yi shekaru bai motsa komai ba. Wanda ya riƙe waya a shekarun 2000 ya san lokacin da Nokia ke da siririn baki da babban baki, Sony Ericsson da nata, Motorola da nata. A 2009 Tarayyar Turai ta sa manyan kamfanoni suka amince da son ransu su koma micro-USB, nau'o'in caja suka ragu daga kusan 30 zuwa 3. Apple ta sa hannu, amma ta tsaya a kan nata, ta ce mai so ya sayi ɗan mahaɗi. A 2012 ta fito da sabon baki mai suna Lightning tare da iPhone 5, kuma a ba ta haƙƙinta: a lokacin ya fi micro-USB, don ta kowane gefe ka soka shi zai shiga. Amma USB-C ya zo a 2014 da wannan fa'ida da ƙari, ya fi saurin tura bayanai, ya fi ɗaukar wuta. Apple da kanta ta sa shi a MacBook a 2015, ta sa a iPad Pro a 2018, ta bar iPhone a kan Lightning. Mai kayan Apple uku sai ya riƙa yawo da igiya iri biyu. A lokacin masu sukar kamfanin suna nuni da cewa duk mai ƙera igiyar Lightning ta halal sai ya karɓi lasisi daga Apple. Ita kuma tana cewa tilasta baki ɗaya zai daƙile sabbin ƙirƙira, ya kuma mayar da igiyoyin da ke hannun mutane shara.

Mai iPhone ba zai bar wayarsa da hotunansa da manhajojin da ya saya ba saboda igiya, kuma Apple ta san haka. Doka ce ta raba gardama. A watan Oktoba na 2022 Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a, 602 suka amince, 13 suka ƙi, cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashen Tarayyar sai da USB-C, kwamfutocin hannu kuma daga Afrilu 2026. Hujjarsu ita ce tan 11,000 na cajojin da ake zubarwa duk shekara, da Yuro miliyan 250 da suka ƙiyasta masu saye za su tsira da shi a shekara. Apple ba ta jira wa'adi ba: iPhone 15 ta fito a Satumba 2023 da USB-C, kuma ga duniya baki ɗaya, don ƙera waya iri biyu asara ce. Ta haka ƙuri'ar da aka kaɗa a Strasbourg ta canja igiyar mai waya a Damagaram.

Bakin ya zama ɗaya, amma abin da ke cikin igiya bai zama ɗaya ba. Wata tana ɗaukar wat 240, wata ko 20 ba ta kai, kuma ba ka ganewa da ido. Ita kanta iPhone 15 ƙarama, saurin tura bayananta na tsohon ma'auni ne, sai mai Pro ce ta samu sabon. Wani injiniyan Google, Benson Leung, ya yi suna da gwada igiyoyin da ake sayarwa a Amazon, har wata ta ƙona masa kwamfuta a 2016. A kasuwanninmu, inda jabu ya fi na gaske yawa kuma wutar janareta ke hawa da sauka, wannan ya fi siffar baki muhimmanci. Kuma mai sana'ar caji a bakin tasha zai daɗe yana ajiye iri uku, don iPhone na hannu da ke shigowa daga Turai da Amurka da yawansu masu Lightning ne, ƙananan wayoyi masu maɓalli kuma har yanzu micro-USB. Sharar da Apple ta yi gargaɗi a kanta gaskiya ce, sai dai ba a Turai za ta tsaya ba. Cire kan caja daga kwali da Apple ta fara a 2020 ma haka: Samsung ta yi mata ba'a, sannan ta bi sahu cikin 'yan watanni, an yi ta ƙorafi, ba abin da ya canja. Brazil dai ta ci Apple tara a 2022.

Rumbun manhajoji shi ne mafi wuya, don a nan masu waya ba su ma yarda da junansu a kan abin da suke so ba. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da ra'ayi biyu: yau yana zagin kamfani don ya bar manhajar 'yan damfara ta shiga, gobe yana zaginsa don ya cire wadda yake so.

Apple ta buɗe App Store a Yuli 2008 da manhajoji kusan 500, da sharuɗɗa biyu da har yau ake rigima a kansu: ba abin da zai hau iPhone sai ta duba ta amince, kuma tana cire kashi 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi a ciki. Google ta bi da nata rumbun da ake kira Play Store yanzu, da kaso iri ɗaya, amma ta bar ƙofar baya: mai Android yana iya sauko da manhaja daga ko'ina. Matsayin kamfanonin biyu ya yi kama da na sarkin kasuwa wanda shi ke riƙe da makullin ƙofa, shi ke karɓar la'ada, shi ke shari'a tsakanin 'yan kasuwa, kuma yana da rumfunansa a ciki yana gasa da su.

Hujjar masu goyon bayan tantancewa ba ta banza ba ce. Apple ta ce ta ƙi karɓar manhajoji fiye da miliyan 1.7 a 2023, Google ta ce ta hana sama da miliyan 2 a wannan shekara. Amma shingen yana da ɓaraka. A 2021 wata manhajar bogi da ta ari sunan Trezor, kamfanin ajiyar kuɗin kirifto, ta tsallake binciken Apple, ta kwashe wa wani mutum bitcoin 17.1, kimanin dala 600,000 a lokacin. A 2024 wata ta kwaikwayi LastPass, manhajar adana kalmomin sirri, da canja harafi ɗaya kacal, ita ma ta shiga. Wanda ya faɗa irin wannan rami ya faɗa ne don an gaya masa cewa cikin rumbun nan babu ɓarawo.

Mu ma mun ɗanɗana, ta hanyar manhajojin ba da bashi. A da suna Play Store a fili, ka sauke, ka ba su izinin ganin lambobin da ke wayarka, su ba ka 'yan dubbai da ruwa mai nauyi. Ranar da ka makara sai su aika wa surukinka da maigidanka saƙo cewa kai ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonka. An daɗe ana kuka kafin hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022, ta kafa ƙa'idar rajista. A 2023 Google ta fara neman takardar amincewar hukumar kafin ta karɓi irin waɗannan manhajoji, ta kuma hana su leƙa lambobi da hotunan mutane. Gyaran ya yi amfani, ko da yake wasu sun koma aika manhajar kai tsaye ta saƙo. Abin lura shi ne, nan ma sai da hukuma ta tsoma baki.

Ɗaya gefen ya fi ban tsoro. Makullin da ke hana ɓarawo shiga, shi ne gwamnati ke nema in tana son rufe baki. A 2017 Apple ta cire manhajojin VPN daga rumbunta na ƙasar Sin. A Oktoba 2019 ta cire HKmap.live, wadda masu zanga-zangar Hong Kong ke bin motsin 'yan sanda da ita. A Satumba 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisar Rasha, Apple da Google duka suka cire manhajar 'yan adawa ta Alexei Navalny. Wata guda bayan haka aka cire Quran Majeed, ɗaya daga cikin manhajojin Alƙur'ani da aka fi amfani da su a duniya, daga rumbun Apple na Sin bisa buƙatar hukumomi. Amsar kamfanin kullum ita ce dole ne ya bi dokar ƙasar da yake kasuwanci. A Amurka ma, da aka cire manhajar sada zumunta ta Parler bayan harin majalisa na 6 ga Janairu 2021, waɗanda suka yi tafi da waɗanda suka yi tir sun rabu ne bisa jam'iyya, kuma da manhajar ta ɗaya ɓangaren ce da sun yi musayar wuri. Nan ƙofar bayan Android take da daraja: in Google ta cire abu, kana iya samo shi ta wata hanya. In Apple ta cire, a yawancin ƙasashe shi ke nan.

Waɗanda suka iya girgiza wannan tsari masu kuɗi ne da masu doka. A Agusta 2020 Epic Games ta sa hanyar biyan kuɗinta a wasan Fortnite da gangan, Apple da Google suka kore ta a rana ɗaya, ita kuma ta kai su kotu da takardun da ta riga ta shirya. Kafin shekarar ta ƙare Apple ta sanar da rage kasonta zuwa kashi 15 ga ƙananan masu manhaja da cinikinsu bai kai dala miliyan ɗaya ba. A 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta ba Apple gaskiya a mafi yawan ƙarar, amma ta umarce ta ta bar masu manhaja su nuna wa mutane wata hanyar biya. A Afrilu 2025 ta same ta da laifin ƙin bin umarnin da gangan, Fortnite ta dawo rumbun Amurka a watan Mayu. Google kuwa masu taimaka wa alƙali sun same ta da laifin babakere a Disamba 2023. A Turai, dokar kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple barin wasu rumbuna su hau iPhone daga Maris 2024, sannan aka ci ta tarar Yuro miliyan 500 a 2025. Amma saɓanin bakin caja, wannan canji na cikin manhaja ne, ana iya kunna shi a wata ƙasa a kashe a wata. Apple ta kunna shi inda doka ta tilasta mata kawai. Mai iPhone a Kaduna ko Kumasi bai samu komai ba.

Yayin da ake buɗe ƙofar Apple da ƙarfin doka, Google tana janyo tata. A Agusta 2025 ta sanar cewa nan gaba ko manhajar da aka sauko daga waje sai mai ita ya yi rajista da ita ya nuna shaidar ko shi wane ne, za a fara da Brazil da Indonesiya da Singapore da Thailand a 2026, sauran duniya su biyo baya. Dalilinta shi ne damfara, kuma wanda ya ga yadda ake tura wa mutane GB WhatsApp da manhajojin da ba a san asalinsu ba ta Xender ba zai ce ƙarya take yi ba. Masu rubuta manhajoji na kyauta, irin na F-Droid, suka ce wannan zai kashe su, ya kuma fallasa duk wanda ya rubuta abin da gwamnatinsa ba ta so. Hayaniyar ta yi ƙarfi har Google ta ja da baya kaɗan a watan Nuwamba, ta ce za ta bar wata hanya ta musamman ga "ƙwararru" da suka yarda su ɗauki kasadar da kansu. Waɗanda aka saurara su ne masu iya rubuta doguwar wasiƙa da Turanci su tara sa hannu. Miliyoyin da ke karɓar manhaja daga wayar aboki don data ta yi tsada, waɗanda dokar za ta fi taɓawa in ta iso, ba su cikin waɗanda aka tuntuɓa, kuma yawancinsu ba su ma ji an yi sanarwar ba.